Minti Arba'in da Suka Ɓace a Inji Na Biyar

Ni dai ban taɓa zama mai shakkar aikina ba, kuma ba yau zan fara ba. Shekara huɗu ke nan ina rubuta manhajar da ke cikin injinan gauraya na wani kamfanin fulawa a Challawa, kuma ɓangaren da ya fi kowane wuya ni na rubuta shi da hannuna, wato wanda yake tsara yadda ake ajiye fayil a kan katin memori. Injinan shida ne, kowanne da 'yar kwamfuta a cikinsa mai aiki da manhajar Linux. Duk zubin fulawar da aka gauraya, injin zai rubuta yawan sinadarin bitamin da ya zuba, da ƙarfe nawa aka yi, da sunan wanda ke tsaye a kansa. Wannan rubutun ne masu kula da inganci suke dubawa kafin buhu ya bar sito.

Kafin in zo, da zarar an ɗauke wuta, kafin janareta ya ɗauka katin ya hargitse. Ni na gyara wannan. Na sa injin ba ya sakin zubi na gaba sai katin ya tabbatar masa rubutun ya zauna daram. Daƙiƙa biyu yake jira, shi ke nan. Ranar da na miƙa aikin, a gaban manaja Alhaji Uwaisu na zare filogi sau goma ina mayarwa, ko layi ɗaya bai ɓata ba. Na ce masa daga yau in ya ga giɓi a rubutun, ya nemi mutum, ya ƙyale wuta. Haka na faɗa da bakina, har ina gyara zaman mayafi.

To, a damunar bara sai inji na uku ya tsiro da wani sabon salo. Yana cikin aiki sai ya yi cak, kusan rabin minti, sannan ya ci gaba kamar ba shi ba. Ba kullum ba, sai ya ga dama. Na zargi katin, amma zargi ba hujja ba ne. Sai na rubuta wani ɗan saiti na gwaji a cikin tsarin fayil ɗin: in yana kan sifiri, komai yadda yake; in aka mai da shi ɗaya, injin zai daina jiran kati, ya riƙa tara bayanan a ƙwaƙwalwarsa ta wucin gadi, sai sun taru da yawa ya juye su lokaci guda. In tsayawar ta daina, na kama ɓarawona, katin ne. Illar saitin guda ce, kuma na san ta sarai. In wuta ta ɗauke alhali saitin yana kunne, duk abin da aka tara ya tafi.

Saura inda zan ajiye saitin, kuma a nan muka yi ta da Kamilu. Kamilu abokin aikina ne a ɗan ofishinmu na Bompai, ya girme ni da shekara takwas, kuma yana magana kamar ana biyansa ladan jinkiri. A Linux akwai wurare biyu da irin wannan abu zai iya zama. Akwai sysfs, inda saitocin yau da kullum suke, kuma duk abin da na sa a can kai tsaye yake fitowa a allon gyara da ke jikin injin, wanda kanikawan kamfani suke amfani da shi. Akwai kuma debugfs, wanda aka tanada don masu farautar matsala irina. Shi a injinan can a rufe yake, sai mutum ya je da laftof, ya jona waya, ya buɗe da kansa.

Kamilu ya ce debugfs, ba wata magana. Ya ce abin da aka sa a sysfs alkawari ne aka yi wa mai injin, domin duk wanda ya gan shi a allo zai ɗauka an yarda ya taɓa, kuma da zarar mutane sun saba da shi, cire shi sai an yi rigima. Ya ce saitin da zai iya cinye rubutu bai kamata ya zauna kusa da na gyara agogo ba.

Na ce masa ai shi zai faɗi haka, tunda ba shi ne yake barin Bompai da tsakar rana ya ratsa cunkoson gari ya bi titin Panshekara ba, ya isa Challawa warin majema ya tare shi tun daga kwana, duk don ya mai da sifiri ɗaya. In saitin yana allo, sai in kira shugaban kanikawa, Malam Baffa, in ce ya kunna a na uku da safe, ya kashe da yamma, ina zaune ina shan shayina. Sati ɗaya ne kawai. Kuma zan rubuta gargaɗi a takardar bayani.

"Wa ya taɓa karanta takardarki?" in ji Kamilu.

Na ce ba laifina ba ne in mutane ba sa karatu. Ya ɗaga kafaɗa ya koma kan aikinsa, ni kuwa na tura sabuwar manhajar. Dukan injinan shida suka karɓa, don manhaja ɗaya suke amfani da ita, amma a na uku kaɗai na sa aka kunna, ranar Juma'a da safe. Da yamma na kira in ce a kashe, wayar Malam Baffa ba ta shiga ba, ni kuma ina da biki a Dorayi. Na ce bari, Litinin ma rana ce. Litinin ta zo da nata ayyukan, na manta.

Abin da ban sani ba, duk da shekara huɗun da nake taƙama da su, shi ne yadda Malam Baffa yake tafiyar da injinansa. Dattijo ne mai tsari, tun zamanin masaƙu yake kanikanci. Yana da ƙa'ida ɗaya wadda ba a rubuta ko'ina ba: injinan nan shida dole su zama iri ɗaya sak. Dalilinsa kuwa mai kyau ne. Ma'aikata 'yan shif ne, yau wannan bai zo ba, gobe wancan an yi masa rasuwa a ƙauye, dole kowa ya iya hawa kowane inji ba tare da ya sake koyo ba. Haka kuma ba ya son a ce an ba wani inji mai daɗi, an bar wani da mai wahala. Saboda haka duk Asabar da safe yana zagayawa da ɗan littafinsa, ya buɗe allon gyara na kowane inji, ya bi layi-layi. Inda ya ga ɗaya ya bambanta, sai ya tsaya ya duba wanne ya fi aiki da kyau, ya mai da sauran kamarsa.

A wannan Asabar ɗin ya tarar na uku ya daina tsayawa, har ma ya fi 'yan'uwansa sauri, don jiran daƙiƙa biyun nan ya tafi. Ya duba ya ga layi ɗaya ne ya bambanta. Ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru.

Ranar Alhamis na tuna, na kira shi. Bayan gaisuwa ya ce injinan dai lafiya lau, sai dai ransa a ɓace yake, an dakatar da Malam Ya'u na inji na biyar. Na san Ya'u. Mutumin Jigawa ne, daga wajen Ringim, shekararsa goma sha ɗaya a kamfanin, ga 'ya'ya bakwai a gidan haya a Zawaciki. Irin mutumin da in ka gaishe shi sai ya cire safar hannu kafin ya amsa. Malam Baffa ya ce ranar Talata da rana masu inganci sun tarar da giɓin minti arba'in a rubutun na biyar. A can baya an taɓa kama wani yana kashe na'urar zuba bitamin in ta toshe, don kada aikinsa ya tsaya, kuma irin wannan giɓin take bari. Ya'u ya rantse bai taɓa komai ba, ya ce an dai ɗauke wuta wajen ƙarfe ɗaya da rabi. Alhaji Uwaisu ya ce wuta ba ta cin rubutu a kamfanin nan, injiniya ta nuna masa da idonsa. Laraba, lokacin canjin shif, aka karanta sunansa a bakin get, aka karɓe katinsa. Ranar Litinin za a zauna a ba shi takardar sallama.

Na tambayi Malam Baffa me layin ƙarshe na allon inji na biyar yake nunawa. Ya ce ɗaya, kamar sauran duka, ai shi ya daidaita su. Na ce don Allah ya mai da su sifiri yanzu-yanzu, duka shidan, ina nan zuwa.

Kamilu yana jin komai. Na jira ya ce ai na gaya miki, na ma shirya amsar da zan watsa masa, amma bai ce ba. Ya miƙo mini wayar jona laftof da na manta a teburinsa, ya tambaya ko ya raka ni. Na ce a'a, ni na ɗaura, ni zan kwance. Wallahi da ya yi mini gori da ya fi mini sauƙi.

Na tarar da Malam Baffa a ɗakin kanikawa, littafin a gabansa. Na yi masa bayanin abin da saitin yake yi, a hankali, ba tare da na ɓoye komai ba. Yana ji yana shafa gemu, har hannun ya tsaya. Daga baya ya ce to ai shi ne ya kori Ya'u ke nan, mu je ya faɗa wa manaja, shi da ma ya kusa ritaya, ni kuwa yarinya ce, kada a ɓata mini suna a kamfanoni.

Ba zan yi ƙarya ba, maganar ta shige ni. Hanya ce a buɗe. Shi ya taɓa, ban ce ya taɓa ba, ga kuma gargaɗi a takarda mai kwanan wata. Duk wanda ya ji zai ce tsoho ne ya yi karambani. Amma ni na san allon nan, ni na tsara shi. Suna yake nunawa da lamba, ba wani ja, ba wani kashedi, kuma duk abin da ke kansa an ba Malam Baffa izinin taɓawa tun ranar farko. Na ɗauki maganin ɓera na ajiye a kwandon kayan miya, sannan in zo in ce mai girki ce ba ta lura ba?

"Malam, ku kun yi aikinku daidai," na ce masa. "Ni ce na ajiye abu inda bai kamata ba. Ku zo dai ku tsaya mini shaida."

Alhaji Uwaisu mutum ne mai son a gama magana da wuri. Ya saurare ni yana duban agogo, da na gama ya ce shi fa bai gane ba, ba ni ce na ce masa wuta ba ta cin rubutu ba? Na ce ni ce, kuma gaskiya na faɗa a lokacin, amma ni ɗin dai na zo daga baya na buɗe ƙofar da na rufe. Ya ce ya san halin mata da tausayi, kada in je in ɗauki laifin wani a kaina saboda an ce yana da iyali. Nan fa raina ya ɓaci. Na ce Alhaji ba tausayi ya kawo ni ba, aiki ne, in yana da minti goma ya biyo ni.

Muka je inji na biyar. Na sa aka yi zubi uku saitin yana sifiri, na zare filogi, na mayar, ga layi uku cif. Na mai da shi ɗaya, aka yi uku, na zare, na mayar. Babu ko ɗaya. Na sake yi, don kada ya ce dace ne. Ma'aikata sun daina abin da suke yi suna leƙe, na ga wasu suna taɓa juna. Sannan na ce a auna abin da ya rage a mazubin bitamin na ranar Talata, tunda an rufe shi an ajiye tare da buhunan da aka tsare. Aka auna. Abin da ya ragu ya yi daidai da wanda ya kamata a zuba wa kowane zubi, har da na minti arba'in ɗin da babu rubutunsu. Malam Ya'u bai kashe komai ba.

Manaja ya ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce shi ke nan, za a kira Ya'u a waya ya dawo ranar Asabar, a rubuta matsalar na'ura ce, a wuce wurin. Ba sai an ambaci sunana ba, ba sai an ambaci nasa ba. Na ce rahoton da zan rubuta zai faɗi abin da ya faru da sunana a ciki, shi kuma nasa ya rage gare shi. Ya kalle ni kamar yau ya fara ganina, ya ce Allah ya kyauta.

Tun a ranar, zaune a kan benci a ɗakin kanikawa, na cire saitin daga sysfs na mai da shi debugfs. Aikin bai kai awa ɗaya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na ƙara masa sharaɗi, ko ni na kunna shi, bayan minti talatin zai kashe kansa, kuma muddin yana kunne allon injin zai yi ja. Da layin ya ɓace daga allo, sai ga 'yan shif ɗin yamma sun zo wa Malam Baffa da ƙorafi, wai ina saurin nan da aka ba su, an maido musu da jira. Kwana biyar kacal suka yi da shi, har sun ɗauke shi haƙƙinsu. Malam Baffa ya kore su da faɗa, ni kuwa na tura wa Kamilu saƙo na ce ya yi gaskiya, kada ya saba.

Da safiyar Juma'a na je Zawaciki da kaina, Malam Baffa ya yi mini jagora. Ba na son mutum ya ji irin wannan labari a waya daga bakin magatakarda. Muka tarar da Ya'u a ƙofar gida yana gyara ƙafar wata kujera da ba ta buƙatar gyara. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya sa aka kawo ruwa. Na faɗa masa komai yadda yake, na ce ni na jawo masa, ya yafe mini. Ya yi ta cewa ba komai, Allah ya yafe mana gaba ɗaya, idonsa a ƙasa. Sai da muka miƙe za mu tafi ya ce yana da roƙo ɗaya, in ba zai zama rashin kunya ba. A bakin get aka karanta sunansa, a gaban mutum sama da ɗari, har da 'yan garinsu, kuma labarin ya riga ya kai Ringim. In ya koma a shiru, za a ce roƙo aka yi masa aka tausaya. Yana so a faɗa a inda aka faɗi na farko.

Na ce za a faɗa, kuma ni zan faɗa. Alhaji Uwaisu ya so ya yi gardama, na tuna masa cewa shi ma da bakinsa ya karanta sunan, in ya fi so ya warware da kansa ga fili. Ya ce in je in yi.

Asabar ƙarfe biyu, 'yan safe suna fita, 'yan yamma suna shiga, mai gadi ya tsayar da kowa. Na hau kan dakalin ɗakin masu gadi, don ni ba doguwa ba ce. Ban yi wani dogon Turanci ba. Na ce sunana Shifa'u, ni nake rubuta abin da ke cikin injinan da suke aiki da su. Na ce rubutun da ya ɓace ranar Talata ni na jawo, saboda na sa wani abin gwajina a inda bai dace ba. Na ce an auna an tabbatar Malam Ya'u ya zuba komai daidai, bai kashe na'ura ba, bai yi ƙarya ba, kuma duk wanda ya kai labarin farko gida, don Allah ya kai wannan ma. Wani daga baya ya ce a maimaita ba su ji ba, na maimaita da ƙarfi.

Aka miƙa wa Ya'u katinsa. Mutane suka yi ta ba shi hannu, wasu ma waɗanda na tabbata sun ci namansa a ranakun nan. Na bi shi har inji na biyar don in duba allon a karo na ƙarshe. Ya tsaya yana sa safar hannu, ya kasa samun yatsun, sai da ya cire ya sake. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, yanzu ba abin da ke kan allon nan da zai cuce shi.

Ya gyaɗa kai. Ya ce shi ba korar ce ta fi damunsa ba. Tun ranar Laraba yake bin ranar Talatar nan a ransa, daga shigowarsa har fitarsa, yana neman inda hannunsa ya kai ga makunnin na'urar bitamin bai sani ba.

"An ce mini aikinku ba ya kuskure, Injiniya," ya ce. "Ranar da kuka zo gidana, wallahi na riga na yarda ni ne."

Ya danna maɓalli, injin ya ɗauka, zubi na farko ya sauka. Muka tsaya ni da shi muna jiran daƙiƙa biyun nan su cika.